Yatsan da Na Bari a Birnin Ƙarau

Da sunan Allah nake farawa, Mai tudu Mai gangare, Mai ruwan daɗi Mai ruwan gishiri, wanda ya halicci giwa ya ba ta daji, ya halicci abin da bai kai tsawon yatsa ba ya ba shi teku. Bayan haka, ni ne Cindo ɗan Jatau, wanzami ɗan wanzami, mutumin Tudun Aduwa. Na gaji da tambayar da kowane baƙo yake yi mini in ya zauna aski. Sai ya dubi hannuna, ya ga yatsu biyar cif, ya ce, to me ya sa ake ce maka Cindo? Yau zan ba da amsa sau ɗaya, wanda ya sake tambaya kuma ya nemi wani ya aske shi.

Da yatsu shida aka haife ni a hannun dama. Na shidan ɗan mitsitsi ne, yana maƙale a gefen ƙaramin yatsa, ga laushi, amma yana motsi, kuma ya fi sauran ji. Mahaifina ya cire wa 'ya'yan mutane irinsa ba adadi, da ya zo kan nawa sai ya mayar da aska cikin zabira, ya ce shi ma bai san dalili ba, hannunsa ne ya ƙi. Haka na tashi ana yi mini dariya. Wanda ya fi kowa kuwa yayana ne, Anaruwa, masunci, ƙato mai wuya kamar turmi. Shi ya raɗa wa yatsan suna Ɗan Rakiya. In mun zauna cin tuwo sai ya ɗaga murya ya ce, "A ƙaro malmala, Cindo ya zo da baƙo."

Shi ina yi masa haƙuri saboda jini. Amma wata ranar kasuwa wani mahauci ya zauna aski, ya ce in yi a hankali kada Ɗan Rakiya ya faɗa masa a kunne. Ban san lokacin da aska ta bi ta kan kunnen ba, sai ganin rabinsa na yi a kan cinyarsa. 'Yan'uwansa suka taso da wuƙaƙen fawa. Anaruwa ya tumɓuke itacen rumfa ya karya wa biyu haƙarƙari, muka ranta a na kare sai bakin kogi. A cikin kwalekwale na rantse ba zan sake taka Tudun Aduwa ba sai na samo wa yatsan nan aikin da zai rufe bakin kowa. Anaruwa ya ce, "To, mun tafi ke nan har abada," ya ci gaba da tuƙi.

Kwana arba'in kogi yana jan mu, har ya zubar da mu a tekun da ba a ganin ƙarshensa. A rana ta uku cikin tekun, da hantsi, mutanen Gaɓar Ƙugiya suka tare mu. Waɗannan ba sa hawa jirgin mutum, daga nesa suke wurgo ƙugiya a igiya su fizge shi kamar kifi. Ta farko ta kama Anaruwa a kafaɗa. Maimakon ya bi igiya, sai ya naɗe ta a hannu ya ja, mai igiyar ya taho ta sama ya faɗo a gabana, na sa aska na yi masa abin da ban taɓa yi wa mai aski ba. Suka matso da jiragensu huɗu. Yayana yana fasa kawuna da filafili, ni ina yanke igiyoyi da yatsun da ke riƙe da su, har ruwan da ke kewaye da mu ya sauya launi. Da suka ga ba riba sai suka banke mu da goshin babban jirginsu, kwalekwalenmu ya rabu biyu. Muka rungumi ɓari ɗaya, igiyar ruwa ta yi ta wasa da mu har ta tofar da mu a wani tsibiri.

Mutum ɗaya ce a tsibirin, wata tsohuwa mai suna Tambai, wadda nutso ya kashe mata kunne ɗaya. Ta dubi raunin Anaruwa, ta cusa masa gishiri ba ko sannu, ya yi ƙara har tsuntsaye suka tashi. Bayan bukkarta akwai wata doguwar rumfa, a ƙarƙashinta randuna sun fi ɗari, an binne su har wuya a cikin yashi mai sanyi, kowace cike da ruwan teku. Na leƙa ɗaya, na ga abin da ban taɓa gani ba: wani ɗan kifi mai kan doki, yana tsaye a cikin ruwa kamar mutum, ya naɗe wutsiyarsa a jikin ciyawa. Na sa hannu na ɗago shi sama don in duba da kyau.

Muciya ce ta sauka a tsakar kaina. "Mayar da shi, ɗan banza!" in ji tsohuwar. "Kai in aka danna kanka a ruwa daɗi za ka ji? Dokin teku ba a fito da shi iska."

Da wani ne da na rama. Amma na ga yadda take duban abin, sai na haɗiye fushina na ce, "Goggo, koya mini." Wata shida na yi ina ɗebo mata ruwa ina shan muciya. Ta koya mini cewa marar lafiya ware shi ake yi a randarsa shi kaɗai, kuma ruwan zafi ajalinsa ne. Ta nuna mini cewa namijin ne ke da jaka a ciki, a nan yake renon ƙwai har ya haihu. Anaruwa ya yi dariya har rauninsa ya buɗe, ya ce Allah ya kiyashe shi da zama doki a ƙasar nan.

Babban ciwonsu kuwa, in ji ta, iska ce. In ruwa ya cika da ƙananan kumfa, ko ya yi zafi ya lalace, sai iska ta taru a jakar namiji, ya kumbura, ya taso sama yana yawo a kan ruwa. Ba ya iya nutsewa, ba ya iya kama ciyawa, ba ya iya cin abinci, har ya mutu. Maganin shi ne a riƙe shi a ƙarƙashin ruwa, a karkata shi bakin jakar ya dubi sama, a buɗe shi da gindin gashin tsuntsu, a shafo daga ƙasa a hankali har iskar ta fita. Ranar da ta ba ni na farko in gwada, sai ya naɗe wutsiya a ƙaramin yatsana, Ɗan Rakiya kuma ya kwanta daidai kan jakar, kamar an auna. Na ɗan motsa shi, kumfa uku suka fito, dokin ya sauka ƙasa abinsa. Goggo Tambai ta kama hannuna ta juya shi, ta daɗe tana kallo.

"Akwai wani gari gabas da nan, Birnin Ƙarau," in ji ta. "Kowane gida suna kiwon waɗannan, kuma mutuwa suke yi. Can ne yatsan nan zai sami aiki, in har kanka ya tsira a wuyanka." Ta ba mu tsohon jirginta da damin gashin tsuntsu, ta juya mana baya ba sallama.

Birnin Ƙarau gari ne na masu narka yashi su yi gilashi. A zauren kowane gida akwai akwatin gilashi cike da ruwan teku, suna ce masa barga, a ciki dawakin gidan suke. Suna sa musu suna, suna gaishe su da safe kafin su gaida iyayensu. Amma son nasu ya zo da wauta. Sun ɗauka cewa tunda numfashi ne rai, to wanda ya fi hura wa dokinsa iska shi ya fi ƙaunarsa. Saboda haka kowace barga an zura mata kara, an haɗa da zugazugi irin na maƙera, ana ta zuga har ruwan ya yi fari fat da kumfa. In doki ya kamu da ciwo kuma, sai a ƙara zuga, a sa kaskon garwashi a ƙarƙashi wai kada ya ji sanyi. Na ga haka a zaure na farko, na ji kamar in kwashe maigidan da mari.

Wata mata mai saƙar koma, sunanta Yalwa, ita ta ba mu masauki. Mijinta ya rasu bara, ba ta faɗa mana yadda aka yi ba. Dokinta guda ne, Bidi, mai ɗigo-ɗigo a jiki, kuma tun shigarmu na ga cikinsa ya fara tasowa. Na ce mata ta daina zuga. Ta waiga ta dubi ƙofa, ta ce, "Baƙona, rufa mini asiri. Gidan da aka ji zugarsa ta tsaya, Sarkin Zuga rushe shi yake yi."

Washegari da safe Bidi ya taso sama, yana kwance a gefe ɗaya. Yalwa ta ƙwala ihu, kafin in isa bargar maƙwabta sun cika zauren, an kuma aika wa Sarkin Zuga. Sunansa Barmo, dogo ne siriri, shi ne alƙalin garin shi ne kuma mai zartarwa. Ya zo da 'yan zuga goma, kowa da gudumar ƙarfe. A al'adarsu doki ba ya tasowa haka kawai, sai in wani mai baƙin numfashi ya yi numfashi a kansa, kuma dokin da kansa zai nuna mai laifin. Barmo ya jera mu kewaye da bargar, shi yake nuna wa kowa inda zai tsaya. Ya sa Yalwa kusa da karan zuga, ya sa ni a gefe, ya sa Anaruwa a ɗaya ƙarshen. Aka fara zuga. Kumfa ta tura Bidi, ya yi ta tafiya a kan ruwa har ya dunguri gilashin da ke gaban yayana.

Yalwa ta ce da ƙaramar murya, "Nan ya tsayar da mijina."

A nan na gane komai. Abin da ke yawo a kan ruwa ai inda iska ta tura shi nan zai tafi. Na ce, "Ranka ya daɗe, a juya karan, a sake gwadawa." Amsar da na samu guduma ce a baki, haƙora biyu suka zube. Anaruwa ya yi kukan kura ya damƙi biyu ya gwara kawunansu, ya ɗaga na uku ya maka shi da bango. Ni ma na zaro aska na tsaga wa wani kumatu har kunne. Amma su goma ne. Sai da suka karya wa yayana hannu kafin suka iya ɗaure shi, ni kuma wani ya sauke mini guduma a ƙeya, duniya ta yi duhu.

Da na farfaɗo rana ta take tsaka, Yalwa tana yayyafa mini ruwa. Ta ce an kai Anaruwa Rijiyar Gishiri, wadda ke haɗe da teku ta ƙasa. An sa shi a kejin ƙarfe an zura da sarƙa, ruwa kuma yana hawa tun hantsi, da la'asar zai rufe kejin. Na ce babu wata mafita? Ta ce doka ta ce in dokin ya koma ƙasa da ransa kafin ruwa ya rufe mutum, a sake shi, amma tun kakanninta ba a taɓa gani ba. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko a gaban masu ƙugiya, don Anaruwa kaɗai gare ni, kuma saboda bakina da askata ya baro gida.

Barmo ya bar 'yan zuga biyu a zauren, ɗaya yana zuga, ɗaya yana fifita garwashi, da umarnin duk hannun da ya shiga bargar a sare shi. Na dubi Yalwa, ta dube ni. Ta ɗauko komar da take saƙa ta watsa wa mai zugar, ya faɗi yana birgima a ciki, ta bi shi da taɓarya. Ni kuma na shuri kaskon garwashi ya kife a ƙafafun ɗayan. Ya kawo mini sara da adda duk da haka, ta tsaga mini damtse, na shige jikinsa na sa masa gwiwa a ciki, na yi ta buga kansa da dandamali har ya daina motsi. Sannan na sa aska na farke cikin zugazugin, zauren ya yi tsit.

Na ce Yalwa ta kawo doguwar kwalba da ruwan teku mai sanyi daga randa. Jini yana bin gwiwar hannuna, sai da na wanke na jira numfashina ya daidaita. Na nutsa ƙwarya na ɗebo Bidi da ruwansa, ban bari iska ta taɓa shi ba, na riƙa surka masa ruwan sanyi kaɗan-kaɗan.

"Matso ki gani," na ce mata. "Riƙe gashin nan. Nan ne bakin jakar. Kada ki soka, buɗewa kawai za ki yi."

Bidi ya laluba ya naɗe wutsiya a ƙaramin yatsana, da ƙyar, kamar jariri mai zazzaɓi. Ɗan Rakiya ya kwanta a kan jakar. Na shafo sama, ba abin da ya fito. Na sake, shiru. A karo na uku wata kumfa mai girman ƙwayar gero ta fito, wata ta biyo ta, sai ga su a jere. Cikin ya saɓe. Na buɗe hannu a cikin kwalbar, Bidi ya sauka a hankali har ƙasa, ya kama ciyawar da muka sa masa, ya miƙe tsaye. Yalwa ta fashe da kuka, na ce ta ajiye kukan sai an jima, ta ɗauki kwalba mu tafi.

Mun tarar da rabin gari a bakin rijiyar. Na leƙa, na hango Anaruwa ya manna fuska da saman kejin, ruwa ya kai masa haɓa. Yalwa ta ɗaga kwalbar sama, mutane suka ga Bidi a ƙasa yana kaɗa ɗan fiffikensa. Wuri ya ruɗe. Mata suka yi ta turereniya, kowace tana cewa nata ma cikinsa ya fara tasowa. Na ɗaga murya na ce zugarku ce ke kashe su, da garwashinku.

Barmo bai girgiza ba. Ya kama hannuna ya ɗaga wa jama'a, ya ce, "Ku dubi abin da ya warkar da shi. Ba laifin zuga ba ne, albarkar yatsan nan ce, kuma abin da ke warkar da dawakin Ƙarau na Ƙarau ne." Jama'a suka amsa, don ya fi musu sauƙi su yarda da yatsa a kan su yarda sun nutsar da 'yan'uwansu a banza. Ya juyo gare ni ya ce, "Za ka zauna a garin nan har ka mutu. Yayanka kuma zai zauna a keji don kada ka gudu. In ka rantse, a ɗaga kejin kamu ɗaya."

"Ranka ya daɗe, doka ta ce a sake shi."

"Yatsan muke so, wanzami. In zaman ne ba ka so, sai ka bar mana shi ka tafi." Ya yi dariya, 'yan zugarsa suka taya shi.

Daga cikin rijiyar na ji muryar Anaruwa, ruwa yana shiga bakinsa. "Cindo, kada ka kuskura! Ka ji ni? Kada ka taɓa shi!"

Shekara talatin ina jiran ranar da yatsan nan zai yi abin da za a daina dariya, ranar ta zo, ko wuni bai yi yana aiki a garin nan ba. Wallahi na so shi a lokacin fiye da idona. Na ɗora hannu a kan dutsen bakin rijiyar, na zaro askar mahaifina, wadda ta ƙi shi ranar suna. Wannan karon ba ta ƙi ba. Na ɗauke shi na jefa wa Barmo a ƙirji, na ce, "Ga shi nan. Ja sarƙa."

Ya tsaya baki buɗe, jini a rigarsa, bai ba da umarni ba. Yalwa ta miƙa wa wata mata kwalbar, ta fizge guduma daga hannun wani ɗan zuga, ta sauke wa Barmo a gwiwa, ya zube yana ihu. "Wannan na mijina ne," in ji ta. Ta kama sarƙa, matan da aka nutsar wa maza da 'ya'ya suka kama tare da ita, ni ma na kama da hannun hagu. 'Yan zuga suka dubi yawansu, ba wanda ya motsa. Kejin ya fito yana zubar da ruwa, Anaruwa a kwance ba numfashi. Na hau ƙirjinsa ina danna ina zaginsa, har ya amayo ruwan gishiri ya buɗe ido.

Kwana bakwai muka ƙara a gidan Yalwa, na bar mata damin gashin tsuntsu da duk abin da Goggo Tambai ta koya mini, ban rage ba sai muciya. Matafiya sun ce har yau yatsana yana can cikin kwalba, mutanen Ƙarau suna kai masa gaisuwa da safe, in dokinsu ya taso kuma sai su bi ta bayan gida su kira Yalwa. Wautarsu dai ba ta da magani, amma rijiyar an cike ta da duwatsu.

Da hannu ɗaya Anaruwa ya tuƙo mu, bai yarda na taɓa filafili ba, kuma har muka ga tudun garinmu bai yi mini wasa ko sau ɗaya ba. Ranar da muka isa aka kawo mana tuwo. Wani ɗan'uwanmu ya dubi hannuna ya ce, to yanzu sai a sauya maka suna. Anaruwa ya ajiye lomarsa, ya ce duk wanda ya kira ni da wani suna ban da Cindo sai ya karya masa wuya. Sannan ya juya wajen mata ya buɗe baki zai ce a ƙaro malmala, kamar yadda ya saba. Maganar ta maƙale masa. Ya gutsuri rabin tasa ya tura gabana, ya sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a cikin miya.